An Hana Yaya Taɓa Bayan Mama

Yaya: Salamu alaikum. Auta, kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki? Ya ɓerayenku na ɗakin gwaji?

Auta: Suna gaishe ka. Ya 'yan ƙwallonka?

Yaya: Suna nan, kullum sai an kawo min mai targaɗe. Ya maigidan?

Auta: Lafiya ƙalau. Yaya, bar wannan, ya jikin Mama?

Yaya: Ai dalilin kiran ke nan. Yau ta... da kanta...

Auta: Me? Kana yankewa. Ta faɗi?

Yaya: Ta tashi, na ce! Bari in matsa jikin taga. Ta dafa gado ta miƙe, babu wanda ya kama ta.

Auta: Alhamdulillahi. Wallahi na ɗauka faɗuwa ta yi.

Yaya: Auta, Allah ya saka miki da alheri. Ranar da kika hana ni yi mata tausa, har ga Allah na ji haushinki. Ni da nake gyara bayan ƙarti a filin wasa, ƙanwata ta ce in ɗauke hannu daga bayan uwata.

Auta: Ai ka kashe min waya.

Yaya: Na kashe. Da likita ya nuna min hoton da aka ɗauke ta, ƙashin bayan nan ya zama kamar soso. Ya ce da na ci gaba da dannawa, da ya karye, ba za ta sake takawa ba. To ni abin da ban gane ba, ciwon dajin a nono yake, an yi aiki an cire. Me ya kai shi ƙashi?

Auta: Wasu ƙwayoyinsa ne suka bi jini suka laɓe a can. Ka ga, garkuwar jikinmu tana da wasu sinadarai da take aika saƙo da su. Akwai ƙwayoyin da aikinsu cinye tsohon ƙashi, don a gina sabo. Sai dajin ya sa a riƙa aika musu saƙon su ci, babu tsayawa.

Yaya: Kai! Da 'yan gida ya haɗa baki.

Auta: Kuma in ƙashin ya zaizaye, yana sakin abin da dajin ke ƙara girma da shi. Allurar da ake mata, wannan saƙon take tarewa.

Yaya: Ke nan ta warke?

Auta: A'a, Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Dajin yana nan, da nasa maganin daban. Ƙashin muke tsarewa.

Yaya: Mun gode Allah da hakan ma. Ko a hankali ba zan ɗan murza...

Auta: Yaya!

Yaya: Wasa nake, hannuna yana aljihu. Tsaya, Mama ta ji muryarki. Wai in kai mata wayar.

Auta: Tana ina?

Yaya: Bakin ƙofar ɗakinta, riƙe da sandar da suka ba ta. Ga shi katina ya yi kuka, bari in ruga.

Auta: Kar ka motsa. Likita ya yarda ta taka?

Yaya: Ya ce kaɗan-kaɗan.

Auta: To bar ta ta zo da ƙafarta.

Yaya: Zai yanke kafin ta iso fa.

Auta: Ya yanke. Juya wayar ƙasa in ji takunta.

Yaya: Kina ji? Ga silifas ɗin nan... Sannu Mama, taho, saura kaɗ