Igiyar da Ake Miƙa wa 'Yar Mahnaz

A tashar bas ta Lyari, cikin Karachi, Mahnaz, 'yar ƙabilar Shidi masu asalin Afirka, tana jiran 'yarta. Wani malamin makaranta ya fito daga zauren wasan kwaikwayon unguwa, ya tsaya gefenta.

"Baji, kin kalli wasan? Ɗalibaina har kuka suka yi da aka kwance wa baiwar nan igiya. Yau sun koyi cewa baƙi da fari duk ɗaya ne."

"Na kalla. 'Yata ce ta fito a baiwar."

"Masha Allah. Ai ta dace sosai, ko shafa mata baƙi ba sai an yi ba."

"Kowace shekara ita ke dacewa, Malam. Bana ta haddace maganar alƙaliyar da ke 'yanta bayin kaf, aka sake miƙa mata igiya."

"To ai wasa ne. In aka sa 'yar Shidi alƙaliya, yara ba za su yarda ba."

"Yaran ne ba za su yarda ba, ko kai?"

"Haba, Baji. Ni da na kwaso aji guda don su ji tausayinku?"

"Wa ya roƙe ka tausayi? Jiya a makarantarku wani yaro ya ɗaura mata gyale a wuya yana ja, wai wasan suke maimaitawa."

Malamin ya leƙa titi. "Ba dai a ajina ba."

"Ban ce ajinka ba ne. Amma cikin duk yaran da suka tsaya kallo, ba wanda ya kwaikwayi kwancewar."