Silifa Mai Igiya

A tashar Sokodé, ana jiran motar Dapaong ta cika, wata dattijuwa ta ƙura wa ƙafar Awwal ido.

"Samari, silifa ce ka ɗaure da igiya kamar akuya?"

"Inna, babur ne ya danne min idon sawu. Likita ya ce jijiyar da ke motsa yatsuna ta yi barci, ba sa riƙe takalmi."

"Ina za ka a haka?"

"Gaisuwar surukai, karon farko. Gidan Malam Jibrilu mai goro."

"Ai a ƙofa ake cire takalmi!"

"Sai in durƙusa ina kwancewa, tsoho ya ɗauka ladabi ne."

Ta yi dariya har da tafi.

"Ƙara ƙulli, ɗana. Yayana ne, yana son a daɗe a durƙushe."