Shafin ya buɗe, aikin bai dawo ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Sunana Rifkatu. Waɗansunku sun san ni a ƙungiyar mawaƙa, kafin na ɓace muku tsawon watanni. Yau zan faɗi inda na shiga.

Aikina gina shafukan intanet ne, a wani ƙaramin kamfani a Garki. Ni na fara zuwa Abuja a gidanmu, kuma da wannan aikin nake riƙe da mamana da ke gida ba lafiya.

Sai kamfanin ya samu aiki mafi girma da ya taɓa samu, shafin wani ofishin gwamnati. Oga ya danƙa mini. Na yi shi da kyau. A saman shafin akwai manyan kalmomi, idan ka ɗora kibiyar maus, wato linzamin kwamfuta, a kan ɗaya, ko ba ka danna ba, sai jerin abubuwa ya sauko. Wannan shi muke kira hoba, da wani rubutun tsara shafi mai suna CSS ake yin sa. A kwamfutata yana tafiya sumul.

Ranar da muka je nunawa, aka buɗe shi a kwamfutar daraktan ofishin. Tsohuwa ce, burauzar da ke ciki ma, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta tsufa. Darakta ya ɗora kibiya, shiru. Ya sake, shiru. Duk hanyar shiga cikin shafin tana cikin jerin nan da ya ƙi saukowa.

Ya dube ni ya ce, "Malama, ina sauran?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan aka sabunta burauzar zai yi."

Ya ce, "Duk kwamfutocin gidan nan haka suke, kuma ba a taɓa su sai da izini daga sama. Ku gyara naku."

Da muka koma kamfani Oga ya kira ni. Ya ce, "Rifkatu, kin kunyata ni. Ki gyara, ko in nemo wanda zai iya."

Na gwada duk abin da na sani. In na gyara wa tsohuwar burauza, sai ya lalace a sabuwa. In jerin ya sauko, kafin kibiya ta kai kansa ya ɓace. Na tambayi abokan sana'a, suka yi dariya, wai wa ke amfani da wannan yanzu. Abinci ya fita raina. Mama ta kira, na ƙi ɗauka, don ban san me zan ce mata ba. Na daina zuwa sujada. Ko na buɗe baki in yi addu'a, babu abin da ke fitowa.

Wata safiya na hau gadar masu ƙafa a Nyanya zan tsallaka in shiga bas. Na tsaya a tsakiya ina kallon motoci a ƙasa. Wani tunani ya zo mini wanda ba na so in maimaita a gidan Allah. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Sai na ji an kama mini hannu. Mama Saratu ce, shugabar zumuntar matanmu, za ta kasuwa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "'Yata, sauko mu je." Ta kai ni rumfar wata mai koko, ta zaunar da ni, ta riƙe hannuwana biyu ta yi addu'a cikin hayaniyar tasha. Da ta gama ta ce, "Yanzu ke ki yi." Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Yesu, na gaji. Ka riƙe ni." Na yi kuka har mai koko ta miƙo mini ruwa.

A cikin satin na gano matsalar. Tsohuwar burauzar ba ta gane hoba sai a kan mahaɗin da ake dannawa, ni kuwa a kan kalmomin da ba mahaɗi ba na ɗora. Na sake tsarin, na ƙara ɗan rubutun da zai taimaka mata. Na je ofishin na roƙi a bar ni in gwada. Na ɗora kibiya, jerin ya sauko.

Da murna na koma wurin Oga. Ya ce, "Kin makara. Sun ba wani kamfani." Ƙarshen watan ya sallame ni.

Har yau ban samu wani aiki ba. Mamana tana nan kwance. Ba ni da labarin nasara da zan ba ku, kuma ban san yadda wata mai zuwa zai kasance ba. Abin da nake da shi shi ne, ina raye, ina cin abinci, na kira mamana na faɗa mata gaskiya, kuma ga ni tsaye a gabanku. Don wannan nake yi wa Ubangiji godiya.

In akwai wanda ya zo yau da irin nauyin da na ɗauka, kada ka fita shiru. Ka kama hannun wani, ka dogara ga Yesu ko ba ka ga hanya ba. Ni ma ban gan ta ba tukuna. Ku ci gaba da yi mini addu'a. Amin.