Waƙar da Aka Ba Margaret

A tashar bas, gaban tsohon asibitin ƙwaƙwalwa a Yorkshire ta ƙasar Ingila, na ji wani tsoho da wata tsohuwa suna hira cikin yayyafi.

"Da ƙuruciyata, nan na yi binciken littafina kan rayuwar majinyata, baiwar Allah."

"Au, kai ne mai baƙar jakar nan! Ka sa wadda take yi wa gajimare waƙa ta taga a littafin?"

"Tana ciki. Margaret na kira ta. Ƙa'idarmu ce mu sauya suna, don rufin asiri."

"Dangina sun manta da ni, likitoci sun ba ni lamba, kai kuma ka ba wata Margaret waƙata."

Ya ciro biro. "Yaya sunanki?"

"Enid. Rubuta a hankali, malam, in gani."