Ƙuri'ar da Ta Koma Aljihu

A bakin akwatin wasiƙu a Olten, Vreni ta ga wani dattijo ya jefa ambulan ƙuri'ar raba-gardama ɗaya, ya soke ɗaya a aljihu.

"Baba, ka manta guda."

"Ta matata ce. Ba ta son a gina sabuwar tashar nukiliyar nan, ni ina so. Gobe na jefa mata."

"Gobe ai an rufe."

"To, laifina ne?"

"Ka dai sa hannu a katin da ke cikin taka? In babu, ƙuri'ar banza ce."

Dattijo ya yi turus. "Wane kati? Ita ta liƙe mini ambulan, har tana murmushi."

Vreni ta miƙa hannu. "Kawo tata, Baba. Ta fi ka iya maguɗi."