Takardar da Ma'u Ta Sha

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Sarki, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Alƙali. Liman, dattawan Birni, fataken da suka bar jakunansu suka zo kallo, da matan da ke bayan zana suna cewa ba saurare suke yi ba, duk ina gaishe ku. Nababa ɗan marigayi Abarshi, kai da ka kawo ni gaban jama'a, kai ma ina gaishe ka. Ni na goye ka, bayana bai manta ba.

Ni ce Talatu ta unguwar marina. Na gode da aka ba tsohuwa bakin magana. Malam mai alƙalami, rubuta yadda na faɗa, kada ka ƙara mini gishiri.

Nababa ya ce ni da 'yata Ma'u da 'ya'yanta huɗu muna cikin gadon ubansa, zai kai mu gandunsa a Kusasu kafin shuka. Na ce ubansa ya 'yanta ni tun ban haifi Ma'u ba. Ya ce ina takarda. To, maganar takarda zan yi.

Na farko. Da ina yarinya, a garin nan allo aka sani. Takarda sai a kayan fataken Kano, su ma sun ce daga Larabawa suke samu, raƙuma ke ƙetaro da ita hamada. In ka ɗaga ta a rana, za ka ga zanen jinjirin wata guda uku a cikinta. Wani falke ya rantse mini da tsumma ake yin ta. Ban musa masa ba, amma tsumman ɗakina bai taɓa 'yanta kowa ba. Wani Nasara ma ya taɓa yada zango a nan da tulinta. Ya nuna kaza, a faɗa masa sunanta, ya rubuta, ya faɗa mana nasu sunan, mu maimaita. Kafin la'asar mun manta. Nan na fara ganin an ɓata takarda a kan kaza.

Na biyu. Shekarar da Abarshi ya tashi daga ciwon da kowa ya cire rai, ya kira Malam Labaran, Allah ya jiƙansa, ya ce rubuta, Talatu ɗiya ce don Allah. Aka rubuta a zaure gaban shaidu, aka naɗe, baduku ya ɗinke mini a fata. Shekara tara tana wuyana. Ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na san da sunan Allah ta fara, don da kunnena na ji.

Na uku, kuma a nan ne Nababa zai so ya gyara zama. Ma'u tana da shekara shida zazzaɓi ya kama ta, har ta daina gane ni. Malam Labaran yana Gayam, daji ya cika da ruwa, ba mai shiga. Na bi gida bakwai neman rubutun sha, ban samu ba. Na dawo na dubi yarinya, na dubi wuyana. Na sa wuƙa na farke fatar, na jiƙa takardar a ƙoƙo har ta narke, na ɗaga kan Ma'u na ba ta. Washegari ta nemi kunu.

Malam da ya dawo ya riƙe baki, ya ce, "Talatu, wannan ai ba magani ba ne, shaida ce!" Na ce, "Allah gafarta, ga ta can tana wasa." Ya ce zai sake rubutawa in fatake sun kawo wata. Fatake suka makara, shi kuma bai jira su ba.

To jama'a, takarda ba ta ɓata ba, ba a sace ta ba, gara ba ta ci ta ba. Ga ta can zaune da goyo. Ko yau aka maido ni wannan rana, ƙoƙon zan ɗauko.

Amma takarda ba ita kaɗai ke zaure ran nan ba. Cikin shaidun, Audi ya rasu. Saura Maliki, ƙanen Abarshi, wanda shi ma Nababa ya yi wa alkawarin biyu daga cikinmu su yi masa noma in mun tafi. Baba Maliki, ba zan roƙe ka ba. Ni da kai duk mun fi kusa da kushewa. Ka ji Abarshi ya 'yanta ni, ko ba ka ji ba?

Ku ba shi sandarsa.

Ya isa, Baba, kowa ya ji ka ce ka shaida. Zauna, gwiwarka.

Allah gafarta Malam Alƙali, tunda ga takarda a gaban malaminka, a rubuta biyu. Ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin Liman. Kada a ba ni. Jikokina huɗu ne, kuma damina ta kusa.

Allah ya ƙara wa Sarki adalci, ya jiƙan Abarshi, ya ba Nababa damina mai albarka da ƙarfin noma gonarsa. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.