Jiniyar Teloli

Bara matata ta rasu a motar asibiti ta 'yan sa-kai, cikin cunkoso. Jiya a wurin mai faci na ji wani direban tasi da wata dattijuwa suna musu a kan 'yan sa-kan nan masu motar asibiti.

"Ni in ba su hanya, Iya? Jiniyar burga ce. Teloli ne fa, sun sa riga mai ƙyalli sun zama likitoci."

"Telan ne ya sauko da jikata daga bene a kafaɗa ranar da ciwo ya kama ta, ɗan nan."

"Ranar da tsohona ya faɗi, sai da ya kusa cikawa suka iso."

"Wane kwatance ka yi musu?"

"Na ce kusa da shagon aski."

"Sannu, gwani! Wane lungu ne babu wanzami? Ka tsayar da mutum a bakin titi?"

"Ai wasu marasa imani ne suka tare musu hanya."

"'Yan tasi?"

Ya sunkuya yana latsa tayarsa.

Wanda ya riƙe hannun matata har ta cika, shi ma tela ne. Ban samu na ce masa na gode ba.